Bashin Asibiti da Rancen Sayen Gida a Amurka

A ƙasar Amurka ba kasafai mutum kan sayi gida da kuɗi hannu ba. Abin da aka saba shi ne ya nemi rance a banki, a jinginar da gidan, ya riƙa biya wata-wata har tsawon shekara 30. Shi kuwa banki, kafin ya saki ko dala ɗaya, sai ya duba wani maki da ke nuna yadda mai neman rancen yake cika alkawarin biyan bashi. Mafi shahara shi ne makin FICO, wanda aka fito da shi a 1989. Yana farawa daga 300, ya tsaya a 850.

Bayanan da ake lissafa makin da su suna hannun manyan kamfanoni uku, wato Equifax da Experian da TransUnion. Kashi 35 cikin ɗari na makin ya dogara ne a kan biya cikin lokaci, kashi 30 kuma a kan yawan bashin da ke wuyan mutum.

To, ta ina kuɗin asibiti ke shiga wannan lissafi? Galibi asibiti ba ya kai rahoton majiyyaci da kansa. Idan an sallami mutum, akan aika wa kamfanin inshorarsa takardar kuɗin magani. Kamfanin ya biya wani kaso ya bar saura, ko ya ƙi biya baki ɗaya saboda kuskuren rubutu. Ana cikin wannan kai-da-komo sai watanni su shuɗe, asibiti ya miƙa bashin ga kamfanin da sana'arsa ke nan karɓo basussuka, shi kuma ya kai suna. Wani ma ba ya sanin ana binsa sai ranar da ya je neman rance. Bisa dokar da aka kafa a 1970, irin wannan tabo yana iya zama a takardun mutum har shekara bakwai.

Faɗuwar maki na iya sa a hana mutum rance, ko a ba shi da kuɗin ruwa mai tsada. Alal misali, a ɗauka an ranci dala 300,000 na shekara 30. Idan ruwan kashi 6.5 ne cikin ɗari, za a riƙa biyan kimanin dala 1,896 a wata; idan ya kai kashi 7, sai ya koma dala 1,996. Ratar dala ɗari ce kacal a wata, amma kafin a gama biya ta kusa dala 36,000.

Sai dai akwai aibi a ma'aunin kansa. Duk ɗalibin kimiyya ya san cewa amfanin ma'auni shi ne ya auna abin da aka yi shi dominsa. Wanda ya ci bashi ya sayi mota shi ya zaɓa, ya kuma san farashi tun farko. Wanda aka ɗauko ranga-ranga daga wurin haɗari bai zaɓi komai ba. A 2014 hukumar CFPB, mai kare haƙƙin masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, ta gano cewa masu bashin asibiti sun fi biyan sauran basussukansu fiye da yadda makinsu ya nuna. Wato makin yana auna rashin lafiya, yana kiransa rashin amana. Lamarin kuwa ba ƙarami ba ne, domin hukumar ta ƙiyasta cewa a 2021 bashin asibiti da ke rubuce a takardun jama'a ya kai dala biliyan 88.

Gyara ya zo a gutsure. A 2022 kamfanonin uku suka goge bashin asibitin da aka riga aka biya, suka kuma ce sai bashi ya shekara ba a biya ba kafin a rubuta shi, maimakon wata shida. A 2023 suka cire duk wanda bai kai dala 500 ba. A wannan shekarar ce jihohin Kolorado da Niyok suka kafa nasu dokokin hana rubuta shi. A Janairun 2025 hukumar CFPB ta fitar da ƙa'idar share shi gaba ɗaya a faɗin ƙasar, amma a watan Yuli wata kotun tarayya a jihar Teksas ta soke ta, bisa hujjar cewa hukumar ta wuce hurumin da doka ta ba ta.

Wannan sassauci duka yana aiki ne muddin bashin yana ɗauke da sunan asibiti. Wanda ya tsorata ya ɗauki katin bashi na banki ya biya, ya mayar da shi bashin banki ke nan. Idan bai biya duka cikin wa'adi ba kuɗin ruwa zai fara hawa, kuma lattin kwana 30 ya isa a kai sunansa ga kamfanonin nan uku.