Hutu da Ƙananan Yara a Bakin Teku

 Yau za mu tattauna ne a kan fita hutu bakin teku da ƙananan yara. Za mu ɗauki misali da ƙasar Ghana, saboda iyalai da dama sukan je birnin Accra ziyarar dangi a unguwannin Nima, Mamobi da Sabon Zango, daga nan kuma sai a ce bari a kai yara Labadi su ga teku. Abu ne mai kyau, yaro ya ga ikon Allah da idonsa. Sai dai uwargida, akwai abubuwan da ya kamata ki sani kafin ƙafar ɗanki ta taɓa ruwan nan.

Mu fara da shiri tun daga gida. Mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Ghana, albarkacin ƙungiyar ECOWAS, amma za a nemi katin rigakafin cutar shawara. Ana yi wa yaro allurar ne daga wata 9 da haihuwa, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka kada ki bari sai ana jibi tafiya. Tun shekarar 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Game da lokaci kuwa, ruwan sama ya fi yawa a Accra daga Afrilu zuwa Yuni, shi ya sa hutun Disamba ya fi daɗin fita. Ki saka gidan sauro a kayanki, domin zazzaɓin cizon sauro yana nan can kamar yadda yake a nan.

To, sai babbar magana, wato shi ruwan kansa. Yawancinmu mun tashi ne da sanin kogi, rafi da kududdufi. Tekun Atilantika halinta daban ne. Taguwar ruwa takan bugo gaɓa da ƙarfi, idan za ta koma sai ta zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum. Ruwan da ya tsaya miki a idon sawu ya isa ya kayar da ɗan shekara biyu ya ja shi ciki. Sannan teku tana cika ta janye sau biyu a kwana ɗaya. Inda kika shimfiɗa tabarma da safe a busasshen yashi, bayan 'yan sa'o'i ruwa na iya iso wa wurin.

Akwai kuma wata igiyar ruwa mai ja zuwa ciki, wadda ta fi komai haɗari. Ga yadda take faruwa: ruwan da taguwa ta tara a gaɓa dole ya nemi hanyar komawa, sai ya bi ta wani siririn kwari a cikin yashi da gudu, kamar lambatu bayan ruwan sama. Abin da ke ruɗar baƙo shi ne wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina lafawa. Ba kumfa, ba taguwa mai fashewa, launinsa ya ɗan fi duhu. Uwa sai ta ce ga wuri mai sauƙi, ta kai yara can, alhali nan ne bakin tarkon. Saboda haka da kun isa, ki tambayi masu aikin ceto ko masunta inda ake shiga. Ki gaya wa maigida da manyan yara cewa wanda igiyar ta ja kada ya yi kokawa da ita. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu a gan shi. In ya iya iyo, ya yi ta gefe daidai da tsawon gaɓa har ya fita daga cikinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ki lura da wani abu, 'yar uwa: yaron da ke nutsewa ba ya ihu, domin numfashi yake nema. Cikin shiru abin ke faruwa, kuma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Yawan jama'a ma ba kariya ba ne, don kowa yakan ɗauka wani na kallo. Mafita ita ce a raba aiki a fili. Ki ce, "Baban Ummi, yanzu kai ne da su." Wanda aka ba aikin ya ajiye waya, ya daina hira, ya tsaya inda hannunsa zai kai ga yaron. In ya gaji ya miƙa wa wani babba da baki. Kada a ɗora wa 'yar shekara goma rainon ƙaninta a bakin ruwa. Balan-balan ɗin nan da ake hurawa kuwa kayan wasa ne, iska na iya tura su ciki da yaro a kai. Rigar ceto mai ɗaurewa a jiki ita ce abin dogaro.

Sai batun sutura. Doguwar hijabi da zani idan suka jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. In kina son ki tsoma ƙafa tare da yara, ki sa wando da riga mai rufe jiki wadda ba ta jan ƙasa, da ƙaramin hijabi. Kuma kada ki tsaya a cikin ruwa da goyo a baya. Taguwa ɗaya ta kayar da ke, ku biyu ne a ƙasa.

Rana ma abin kula ce. Iskar teku mai sanyi takan sa a manta da zafinta, ga ruwa da yashi suna mayar da hasken ga jiki. Ta fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, don haka ku fita da sassafe ko bayan la'asar. Jaririn da bai kai wata 6 ba a bar shi a inuwa, a yawaita ba shi nono. Sauran a sa musu hula, a riƙa ba su tsabtataccen ruwa ko ba su nema ba. Abinci kuma a ci mai zafi. A Nima za ki sami tuwo da shinkafa da wake, ba sai kin damu da batun halal ba. Ki riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis saboda gudawa. In babu, ki zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

In da hali, ku ƙarasa Elmina, tafiyar kamar awa uku zuwa huɗu a mota yamma da Accra. A can ne Turawan Fotugal suka gina ganuwa a 1482, wadda daga baya aka riƙa tsare bayi a cikinta kafin a loda su jirgi. Manyan yara za su ƙaru da tarihi, ƙanana su sha kallon kwale-kwalen masunta masu launi iri-iri.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Yaran nan amana ce a hannunmu, mu kai su su yi wasa da yashi, su tsinci kwanson kifi, mu kuma dawo da su lafiya. A nan za mu dakata sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare mu da tsautsayi. Ku huta lafiya.