Na'urar Riƙe Gudu a Kan Babur: Darasi Daga Jikin Ɗan Adam

Gabatarwa

A kudancin ƙasar Ostireliya, kan babbar hanyar Eyre wadda ta ratsa filin Nullarbor, akwai wani yanki mai tsawon kilomita 146.6 wanda babu kwana ko ɗaya a cikinsa. Mahayin babur da ke gudun kilomita 100 a awa zai shafe kusan awa ɗaya da rabi yana murɗe da totur a wuri guda. Masu doguwar tafiya a irin wannan hanya, da takwarorinta na Amurka da Turai, su ne suka fi neman na'urar da za ta riƙe musu gudu, wadda Turawa ke kira kurus-kwantirol. Tun da yake yawancin babura ba sa fitowa da ita daga masana'anta, akan saye ta daga baya a ɗora. Wannan maƙala za ta duba dalilin da hannu ke buƙatar hutu, da yadda na'urar ke aiki, da kuma abin da ya wajaba a kiyaye wajen ɗora ta.

Me ke samun hannun dama?

Tsoka ta fi jure aikin motsi a kan aikin riƙo. Idan tana ɗaurewa tana saki, jini yakan samu damar shiga da fita. Amma idan ta ɗaure ta tsaya, sai ta matse ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta. Riƙon da ya wuce kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na iyakar ƙarfin tsoka ya isa ya fara rage gudanar jini, daga nan kuma gajiya da zogi su biyo baya.

Bayan wannan, a wuyan hannu akwai wani matsattsen rami wanda jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suka bi ta cikinsa, tare da babbar jijiyar saƙo guda ɗaya. Ita ce ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na huɗu. Lanƙwasa wuyan hannu na tsawon lokaci yana ƙara matsi a cikin ramin, shi ya sa waɗannan yatsu ne ke fara yin minjirya. Sai kuma girgizar inji. Tun a shekarar 1918 likita Alice Hamilton ta bayyana yadda yatsun masu sassaƙa dutse da injin iska a jihar Indiyana ta Amurka ke yin fari su sage. Girgizar babur ba ta kai ta wancan inji ba, amma ita ma tana dusashe ji. Abin lura a nan shi ne, wannan hannu da ya sage shi ne ke da alhakin matsa birkin gaba, wanda ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayar da babur.

Makullin totur da na'urar riƙe gudu

Kaya iri biyu ake sayarwa, kuma mutane kan rikita su. Na farko makullin totur ne, wato wani zobe ko maƙali da ke hana totur komawa idan an sake shi. Yana da araha, ana kuma ɗora shi cikin mintuna kaɗan. Sai dai bai san gudun da babur ke yi ba. A hawa gudu zai ragu, a gangara zai ƙaru, kuma galibinsu ba sa saki don an taka birki, sai mahayi ya mayar da totur da hannunsa.

Na biyu shi ne ainihin na'urar riƙe gudu. Injiniya Ralph Teetor na Amurka, wanda ya makance tun yana ɗan shekara biyar, shi ne ya sami takardar mallakar ƙirƙirarta a 1950, kamfanin Chrysler kuma ya sa ta a motocinsa a 1958. Sassanta uku ne: ma'auni mai ƙidaya juyawar taya, da 'yar ƙaramar kwamfuta mai kwatanta gudun da ake yi da wanda mahayi ya zaɓa, da kuma ɗan injin da ke jan wayar totur ko ya sassauta ta don gyara bambancin.

Ɗalibin ilimin halittu zai gane wannan tsari nan take, domin da shi jikinmu ke rayuwa. Zafin jikin mutum yana tsayawa kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Jijiyoyi suna auna zafi, wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas yana kwatantawa, sannan ya ba da umarnin gumi idan zafi ya hau, ko makyarkyata idan ya sauka. Masani Walter Cannon ne ya raɗa wa wannan daidaito suna homiyostasis a 1926. Har cutar tsarin ma iri ɗaya ce. Na'urar da aka saita ta da zafin nama fiye da kima takan wuce gudun da ake so, ta dawo ƙasa da shi, ta sake wucewa, babur ya riƙa fizga. Haka hannun mai lalurar ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ke karkarwa idan ya miƙa shi zai ɗauki kofi, gyara yana bin gyara.

Yadda ake ɗora ta

Da farko a tabbatar an ƙera na'urar don irin babur ɗin. Tun daga 2006, lokacin da Yamaha ya fito da samfurin R6 mai totur na lantarki, babura suka kasu biyu. Masu totur na lantarki ba sa buƙatar injin jan waya, domin kwamfutar na'urar ce ke aika saƙo kai tsaye. Masu wayar totur kuwa, aikinsu ya fi yawa.

A cire kan batir na nagetif, a sauke kujera da tanki. A ɗaure kwamfutar inda zafin inji da ruwa ba za su same ta ba, nesa da kwayil da wayoyin fulogi, saboda tartsatsinsu na iya gurɓata saƙon gudu. Shi wannan saƙo akan ɗauke shi daga ma'aunin gudun babur idan na lantarki ne, in ba haka ba sai a manna 'yan ƙananan maganaɗisu a taya. Wutar na'urar ta bi ta fis nata na kanta, daga layin da ke mutuwa idan an kashe makulli. Maɓallan sarrafawa kuma su zauna a hannun hagu, inda babban yatsa zai kai ba tare da an saki riƙo ba. Wajen haɗa wayar injin ja, a bar wa totur ɗan wasansa na milimita 2 zuwa 3, kada kuma a taɓa sifirin da ke mayar da shi.

Saki ya fi riƙo muhimmanci

Wanda ya taɓa garwashi yakan janye hannu kafin ya ji zafin, domin laka ce ke yanke hukunci ba tare da jiran ƙwaƙwalwa ba. Irin wannan gaggawa ake buƙata daga na'urar. Dole ta saki totur da zarar an taɓa birkin gaba ko na baya, ko an matsa kuloci. Idan ba a haɗa ta da kuloci ba, to a haɗa ta da ma'aunin juyawar inji, in ba haka ba ranar da aka matsa kuloci za ta ga gudu ya ragu ta buɗe totur, inji ya yi ta kururuwa babu kaya.

Na'urori da yawa suna gane birki ne ta wayar fitilar baya, an kuma tsara su yadda idan ƙwan ya mutu za su ƙi kamawa. Wannan kariya ce, kada a yi mata dabara. Idan an sauya ƙwan da fitilar LED, sau da yawa sai an ƙara rile kafin na'urar ta yi aiki daidai.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a hau, a tayar da inji, a juya kan babur iyakarsa dama da hagu. Idan ƙarar inji ta ƙaru, waya ta ɗame, sai a sake shimfiɗa ta. A murɗa totur a saki, a ji ya koma da kansa. Bayan haka a gwada kowace hanyar saki ɗaya bayan ɗaya a hanyar da babu zirga-zirga.

Kammalawa

Na'urar tana hutar da tsoka, amma tana iya sa hankali ya kwanta fiye da kima. A 1948 Norman Mackworth na Ingila ya nuna cewa mai sa ido kan aikin da ba ya canzawa, lurarsa takan ragu bayan rabin awa na farko. A gudun kilomita 100 a awa babur na cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, saboda haka jinkirin daƙiƙa ɗaya da rabi daidai yake da mita 42 kafin birki ya fara aiki. Babura masu rada, irin Ducati Multistrada V4 na 2021, suna rage gudu da kansu idan sun cim ma mota, amma na'urar da aka ɗora daga baya ba ta ganin komai a gabanta.

Don haka ba a kunna ta cikin ruwan sama, ko kan yashi, ko cikin gari, ko a hanyar da rami ko garken shanu ke iya ɓullowa, kamar yawancin hanyoyinmu. Ko tana aiki, hannun dama ya zauna a mazauninsa, yatsu biyu a kan birki. Wanda kuma ba shi da ita, maganin minjirya na hannunsa: ya sassauta riƙo, ya miƙe wuyan hannu, ya riƙa tsayawa yana motsa yatsu. Ɗaure totur da roba ko igiya kuwa ganganci ne da rai.