Gulbin Rima Da Tafkin Goronyo: Ruwa Ba Sa'an Kwando Ba Ne

Wanda ya je Sabon Birni ko Isa cikin watan Maris, ya ga yara suna kora jakuna ta tsakiyar gulbi, mata kuma suna tonon rairayi don su sami na sha, da wuya ya yarda in an ce masa wurin nan ne zai ci mutane cikin watan Agusta. Amma haka abin yake. Ran Lahadi 17 ga Agusta, 2025, wani jirgin fito ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Labarin farko da Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta bayar shi ne an tsamo mutum 10, ana neman fiye da 40. Ba a gama zaman makoki ba sai ga wani daga Garin Faji cikin ƙasar Sabon Birni, inda mutane suka cika jirgi suna gudun 'yan bindiga, ya nutse da su, aka rasa aƙalla mutum 6. Watan bai ƙare ba sai da aka ji na uku a ƙasar Shagari. Allah Ya jiƙansu, Ya ba danginsu haƙuri.

Mun ga ya kamata mu tsaya mu dubi ruwan nan da kyau, mu san inda yake fitowa, da abin da ke cikinsa, da dalilin da ya sa jirage ke kifewa. Maganar kuwa ta fi shafar malaman makaranta da akawuna, domin su ne jama'ar ƙauye ke tambaya, su ne kuma ake aikawa aiki ƙetaren gulbi ko sun iya iyo ko ba su iya ba.

Inda Ruwan Ke Fitowa

Gulbin Rima ba ruwan gari ɗaya ba ne. Akwai Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ta wajen Sabon Birni. Akwai kuma Bunsuru da Gagare, waɗanda ke kwaso ruwan ƙasar Katsina da na Zamfara su gangaro da shi ta gefen Isa. Nan ƙasar Gobir suke haɗuwa su zama Rima. A bakin wannan gulbi ne Gobirawa suka kafa Alƙalawa, birnin da ya faɗi cikin 1808.

Abin lura a nan shi ne, mutum yana iya kwana a Sabon Birni ba ɗigon ruwan sama ko ɗaya, gari ya waye ya tarar gulbi ya cika ya batse. Ruwan da aka yi ne can Ƙaura Namoda ko Dutsin-ma ya iso. Saboda haka ganin sama garau ba shaida ba ce ta cewa mashigin da aka bi jiya da ƙafa zai biyu yau.

Gaba kaɗan, a Goronyo, aka datse gulbin. An gama ginin madatsar cikin 1984, aka buɗe ta cikin 1992. Tsayinta mita 21 ne, tsawonta kuwa kilomita 12 da rabi, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Ta ba Sakkwato ruwan sha, ta ba manoma noman rani, amma fa ta kawo wa mutanen wurin abin da kakanninsu ba su saba da shi ba, watau tafki mai faɗi da zurfi inda da can gonaki ne da fadama. Halin tafkin kuma ba ɗaya ba ne kowace shekara. Cikin Satumba 2010 ruwa ya yi yawa har ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Cikin 2018 kuwa tafkin ya janye har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba.

Hadarin Gabas

Damina a wannan ƙasa gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawan ruwan kuwa cikin Agusta yake zuba. Hadari yakan haɗo daga gabas, galibi da la'asar ko da dare. Abin da ke kifar da jirgi ba ruwan saman ba ne, iskar da ke riga shi isowa ce. Sai a ji gari ya yi tsit da zafi, can sai gabas ta yi baƙi ko ja saboda ƙura, kafin a ce me ke nan iska mai sanyi ta bugo. A kan tudu itatuwa da gidaje suna rage mata ƙarfi, a kan tafki kuwa babu abin da zai tare ta, sai ta tayar da igiyar ruwa ta riƙa watsa ta cikin jirgi.

Ga wani ɗan lissafi da kowane malami zai iya koya wa 'yan ajinsa. Ƙarar tsawa tana tafiyar kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. In aka ga walƙiya aka ƙirga tara kafin a ji ƙara, to, tsawar tana nisan kilomita uku ke nan, wanda ke tsakiyar ruwa kuwa ya riga ya makara da neman gaɓa. Mutum a cikin jirgi shi ne abu mafi tsawo a kan tafki, tsawa kuma abu mai tsawo take nema.

Hunturu ma da nasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe tafki har mai tuƙi ya kasa ganin gaɓar da ya nufa, ruwan kuma ya yi sanyin da ke ɗaure gaɓoɓin wanda ya faɗa.

Mazauna Ruwa

Ba sharri kaɗai ke cikin ruwan nan ba, akwai arziki da abin sha'awa. Shamuwa ce kan fara zuwa daga kudu ta yi sheƙa bisa itatuwan gari, manomi ya san damina ta kusa. Ga balbela da zalɓe da kirinjijiya da ɗinya. Da hunturu kuma wasu tsuntsayen ruwa sukan ƙetaro Sahara tun daga ƙasashen Turai su sauka a tafkunan wannan yanki, har da na Madarumfa can ƙetaren iyaka. Cikin ruwa akwai tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, da minjirya mai girgiza wanda ya taɓa ta. Akwai gaiwa, wadda in tafki ya ƙafe sai ta shige laka ta lulluɓe kanta, ta yi ta shaƙar iska har damina ta komo.

In ana hirar ruwa, kada da dorina ake fara ambata. Dorina dai labarinta ya fi yawa can Kogin Kwara wajen Yawuri, inda takan kifar da jiragen masunta. A nan kuwa abin da ya fi cutar da jama'a bai kai girman ɗan yatsa ba. Wata 'yar katantanwa ce ta ruwa mai kwanciya, wadda ƙwayar tsargiya ke girma cikinta, ta fito ta huda fatar yaro mai wanka. Malamin da ya ji yaro yana fitsarin jini kada ya ɗauka alamar balaga ce, kamar yadda wasu ke faɗi. Cuta ce, tana da magani a asibiti. Sai kuma macizai, waɗanda ambaliya kan koro daga ramummukansu su hau tudu ɗaya da mutane.

Tuƙin Wanda Bai Koya Ba

Tun zamanin da, fito sana'a ce mai masu ita. Sarkawa da masunta suna gadonta, mashigi yana da sarkin ruwa wanda in ya ce yau ba a ƙetarewa, ba mai musu. Yanzu kuwa larura ta sa kowa ya zama matuƙi. Manomi yana da gona a ƙetare, yara suna neman itace, a 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya sa mutanen Isa da Sabon Birni da yawa sun fi amincewa da ruwa bisa ga hanyar mota, wani lokaci ma cikin dare.

Ga yadda abin kan faru. Jirgin mutum 20 sai a zuba masa 40, a ɗora buhunan hatsi da awaki da babura, har tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. Mai tuƙi ya saba da gora a wurin da ba zurfi, da an kai tsakiya sai gora ta kasa taɓa ƙasa, shi kuwa bai iya filafili ba. Ko kuwa jirgi ya daki kututturen itacen da tafki ya shanye. Ruwa kaɗan ya shigo, wani ya firgita ya miƙe tsaye, saura su zuba gefe guda, shi ke nan. Cikin Afrilu 2022 mutum 29 suka halaka a Gidan Magana ta ƙasar Shagari, yawancinsu yara masu zuwa itace. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, a tafkin Watari na Bagwai cikin Jihar Kano, aƙalla 29 suka tafi, galibinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi.

Abin Da Ke Wuyanmu

Hukumar Kula Da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da kima, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Amma Lakwaja na da nisa da Garin Faji. Doka ba ta aiki a mashigi sai hakimi da dagaci da sarkin ruwa sun tsaya mata.

Muna roƙon akawunan ƙananan hukumomi su rubuta kowane mashigi da jiragensa, a auna adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, a rubuta da fenti a jikinsa inda kowa zai gani. Ran kasuwa a sa mutum mai faɗa a ji a bakin ruwa. Babura da dabbobi a yi musu sawu nasu dabam.

Malamai kuwa su koya wa yara abu huɗu. Kada a miƙe tsaye cikin jirgi. In ya kife a riƙe shi, domin jirgin katako bai cika nutsewa ƙasa ba. Inda babu rigar ruwa, jarka mai lita 20 wadda ba kome ciki, in an toshe bakinta da kyau, tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. Wanda kuma bai ƙware da iyo ba kada ya faɗa don ceton wani, ya miƙa gora ko ya jefa igiya, gama mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Mun sani wanda 'yan bindiga suka koro cikin dare ba shi da sararin ƙirga mutanen jirgi. Wannan nauyi ne na Gwamnati, sai an sami zaman lafiya a kan tudu kafin ruwa ya daina cin masu gudu. Amma mai zuwa kasuwa da mai zuwa gona suna da zaɓi. Jiran sawu na biyu bai wuce rabin sa'a ba, kasuwa kuma tana ci wani mako. Allah Ya kiyashe mu, Ya ba mu damina mai albarka.