Gyaran Labari Kafin Ya Shiga Kasuwa

A kasuwannin Jibiya, Illela da Maraɗi, mai sayen littafin Hausa yakan buɗe shafin farko, ya karanta a tsaye. In bai kama shi ba, sai ya ajiye. Mai shago kuwa ya kwana da kaya.

Sau da yawa gaggawa ce ke jawo haka. Marubuci ya gama rubutu yau, gobe yana maɗaba'a. Ko Abubakar Imam, da ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja, sai da rubutunsa ya bi ta hannun Rupert East a Zariya kafin a buga.

To, malam marubuci, ajiye labarin ya huce ko da wata guda, sannan ka karanta wa abokai da ƙarfi. Inda suka fara hamma, yanke. Gaisuwa mai cin shafi biyu ma ta tafi.

Kula da bakin mutanenka. Ɗan Ƙonni da ke ciniki da Kananci zalla, ɗan kasuwar iyaka zai gane ƙaryar nan take, domin kullum da su yake cuɗanya. Duba sunaye kuma: Hadizar babi na 2 kada ta koma Halima a babi na 9.