Kowa da Gugansa

Duk ɗan Daura ya san labarin Kusugu: gari guda, rijiya guda, ga macijiya a ciki ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Nakan tuna da ita idan na ga yadda matasanmu masu koyon rubuta manhaja ke tsara rajistar aiki, wato littafin da manhaja ke rubuta abin da ta yi da inda ta yi tuntuɓe.

Ɗauki harshen Python. Tun 2003 yake da nasa tsarin rajista, mai uwa guda da kowane sashe ke kai wa rahoto. Umarnin basicConfig ne ke gaya mata me za ta rubuta, a ina kuma. Sai dai wanda ya riga kiransa shi ke da gari. Idan wani sashe da ka aro daga intanet ya riga ka, naka kiran ya bi ruwa, ko gargaɗi ba za a yi maka ba. Ka kwana kana neman kuskure, rajista ta yi gum. Sai a 2019 aka ƙara wata hanyar tilasta mata, wadda a ganina sauya macijiya ce kawai.

Masu salon fanshinal, irin na harshen Haskell da ya fito a 1990, sun ƙi wannan. A wurinsu kowane ɗan aiki abin da aka miƙa masa a hannu kaɗai yake taɓawa. Don haka a bakin ƙofar manhaja ake haɗa marubucin rajista sau ɗaya, a faɗa masa matakin da zai rubuta da wurin ajiya, sannan a miƙa shi ga duk mai bukata. Idan aka haɗa wa kowane sashe nasa, sai sashen kuɗi ya rubuta komai dalla-dalla, na saƙonni ya taƙaita, ba mai taka wa wani ƙafa. Ranar gwaji kuwa sai ka ba sashen da kake gwadawa marubucin bogi mai tara bayanan a jeri, ka duba su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai gajiya, gaskiya. Miƙa abu daga hannu zuwa hannu ta sassa goma ba daɗi, shi ya sa 'yan Haskell ke amfani da dabarar Reader, mai ɗaukar musu kayan a bayan fage.

Kai mai Python, ba sai ka sauya harshe ba. Buɗe manhajarka yau, ka nemo sashe ɗaya, ka miƙa masa marubucinsa a hannu.