Fitilar akwatin murjani

Ƙasarmu ba ta da teku. Amma duk kun san murjani, jajayen duwatsun nan da mata ke ratayawa a wuya ranar biki. To, asalin murjani ba dutse ba ne. Wata ƴar dabba ce ke yin shi cikin teku. Ba ta da ƙafa, ba ta da ido. Jikinta kamar ƴar jaka yake, da baki guda a sama, da ƴan hannuwa kewaye da bakin. Dubbansu ke zama wuri guda, kowace tana gina ɗakinta da wani abu mai ƙarfi irin alli. Shekara da shekaru ɗakunan suna hawa bisa juna, har su zama tudu cikin ruwa.

Akwai irin wannan tudu da yawa cikin Bahar Maliya. A da, alhazan da suka bi ta Sudan sukan shiga jirgin ruwa a Sawakin, su ƙetare zuwa Jidda. Tsofaffin gidajen garuruwan nan biyu, da dutsen murjani aka gina su. Shi kuwa jan murjanin ado, daga Bahar Rum aka fi samo shi, kuma wuri mai duhu yake so. Ba shi ne za mu yi magana a kansa ba yau. Namu shi ne mai gina tudu, wanda ba ya rayuwa sai da haske.

A Turai da Amurka da Japan, wasu mutane suna kiwon murjani cikin ɗakunansu. Sukan sami akwatin gilashi, su cika shi da ruwan gishiri, su sa duwatsu da ƴan kifaye da murjani mai rai. Ƙaramin akwati yana cin litir 40 ko 60, wato jarka biyu ko uku. Cikin kowane litir ana sa gishirin teku kamar giram 35. Mai akwati yakan ɗora fitila bisa ruwan. Wanda bai sani ba sai ya ce don ado aka sa ta. A'a. Fitilar nan ita ce abincin murjani.

Yaya dabba za ta ci haske? Ga yadda abin yake. Cikin naman murjani akwai wasu ƴan tsirrai ƙanana ƙwarai, dangin gansakuka. Ido ba ya ganin su, sai da madubin likita. Kamar kowane tsiro, suna amfani da haske su yi sukari. Sukan ci kaɗan, su ba murjani saura. Shi kuma ya ba su masauki da taki. Mafi yawan abincinsa daga wurin baƙin nan yake fitowa. Da dare yakan miƙa hannuwansa ya kama ƴan ƙwarin ruwa, amma wannan ƙari ne kawai.

Kun taɓa kifa ƙwarya bisa tsiron hatsi? Ku gwada a gonar lakwal. Bayan kwana biyar ku buɗe. Za ku tarar ya yi fari fat, ya yi laushi, yana shirin mutuwa. Haka murjani yake in an hana shi haske.

Amma ba kowace fitila ke yi ba. Hasken rana fari muke ganin shi, alhali launuka ne da yawa a haɗe. Bakan gizo yana nuna mana su: ja, rawaya, kore, shuɗi da sauransu. In haske ya shiga teku, ruwa yana shanye launukan nan ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara ɓacewa. Kafin a yi metir 5 ko 10 ƙasa, ya kusa ƙarewa. Rawaya ta bi shi. Shuɗi ne ke nutsewa da nisa. Shi ya sa mai ninƙaya ke ganin komai shuɗi a ƙarƙashin teku. Ƴan tsirran murjani sun saba da wannan haske tun fil azal, da shi suka fi yin aiki. Saboda haka fitilar akwati sai ta kasance fara mai shuɗi da yawa.

Bisa kwalin fitila akwai wata lamba da harafin K a bayanta. Ita ke faɗin launin hasken. Ampul ɗin ɗaki mai rawaya-rawaya 2.700 K ne ko 3.000 K. Ranar tsaka kamar 5.500 K ce. Masu kiwon murjani suna zaɓen 10.000 K zuwa 20.000 K. Ku lura, lambar nan ba ta faɗin ƙarfin fitila, launi kaɗai take faɗi. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan.

Fitilun da aka yi amfani da su iri uku ne. Akwai doguwar fitilar nan mai kamar sanda, irin ta ofis da ɗakin likita. Haskenta yana bazuwa ko'ina daidai, amma tana rage ƙarfi tun ba ta mutu ba, sai an sake ta kusan kowace shekara. Akwai wata babba mai ƙarfin wat 150 ko 250. Tana da haske kamar rana, tana da zafi kuma kamar murhu. Babban akwati yana iya jimre mata. Ƙarami kuwa, ta dafa shi.

Ta uku ita ce LED, irin ƴan ƙwayoyin nan da ke cikin tocila da fitilar sola. Shuɗiyar LED mai ƙarfi ba ta daɗe ba a duniya. Masana uku ne ƴan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka fito da ita wajen 1990 zuwa 1993. A 2014 aka ba su kyautar Nobel saboda wannan aiki. Yanzu ita mafi yawan masu ƙananan akwatuna ke saye, kuma suna da gaskiya. Ba ta shan wuta da yawa: wat 20 ko 30 sun isa akwatin litir 40 mai murjani marar wuyar kiwo. Tana yin shekaru. Mai kyau kuma ana iya ƙara mata ƙarfi ko a rage. In mutum zai sayi guda, to, ya nemi wadda ake ragewa, ko da ta fi tsada.

Me ya sa? Domin haske ma yana yi wa murjani yawa. In ya yi yawa, ko ruwa ya yi zafi, sai murjani ya kori baƙinsa. Launinsa ya tafi tare da su, ya koma fari kamar ƙashi. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi. In abin ya daɗe, shi ke nan. Haka ya faru a babban tudun murjani na Ostareliya a 2016, lokacin da ruwan teku ya yi zafi. Cikin akwati, fitila guda tana iya yin wannan ɓarna cikin mako ɗaya. Don haka in an kawo sabon murjani, sai a fara da rabin ƙarfi, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har wata guda. In kuwa ya yi duhu, ya koma ruwan ƙasa, ya daina girma, to hasken ne bai ishe shi ba.

Murjani iri iri ne. Mai taushi, wanda ke kaɗawa cikin ruwa kamar ciyawa, haske kaɗan ya ishe shi. Ana aje shi ƙasa. Mai rassa masu ƙarfi kamar ƙahon barewa ya fi son haske. Ana ɗora shi bisa dutse, kusa da fitila. Sai mutum ya san irin da zai kiwata kafin ya je sayen fitila.

Ana rataye ta kamar santimetir 20 ko 30 bisa ruwa, don haske ya kai kowane lungu, kuma kada gishiri ya fantsama ya cinye ta. Ana kunna ta awa 8 zuwa 10 kowace rana, a lokaci guda. Murjani ma yana son dare. In an bar ta kwana kunne, gansakuka ta rufe gilashi da duwatsu. Ba a kuma aje akwati bakin taga. Ruwansa ana son ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, ga shi ruwa kaɗan ba ya wuyar zafi. Ku tuna da watan Afrilu a Tawa ko Damagaram, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Wanda ya aje irin wannan akwati a can, kafin ya nemi fitila sai ya nemi abin sanyaya ruwa.

Da maraice wasu sukan kashe farar fitila, su bar shuɗiyar kaɗai na ɗan lokaci. Sai ka ga murjani yana ƙyalli cikin duhu, wani kore shar, wani ja kamar garwashi. Jikinsa ne ke karɓar shuɗin haske, ya mayar da shi da wani launi dabam.