Jaririn da ya shaƙi kashinsa: shin sitiroyid na taimakawa?

Idan faya ta fashe ruwan ya fito kore-kore, jariri ya yi kashin farko tun yana ciki. Naƙuda mai tsawo ko cikin da ya zarce mako 42 kan jawo haka. Kashin na da danƙo. In ya shiga huhu sai ya toshe hanyar iska, huhun ya kumbura, jariri ya riƙa nishi, leɓɓansa su yi shuɗi.

Don rage kumburin ne aka gwada magungunan sitiroyid irin su dexamethasone da budesonide. Bitar binciken likitanci da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2003 ba ta samu isasshiyar hujjar amfanin sitiroyid ba, don haka iskar oksijin da na'urar taimakon numfashi ne kan gaba.

Uwa, in kin ga koren ruwa, kada ki jira asuba. A garzaya asibiti, kamar asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo ko asibitin Jankwano.